Kafin Rawaya Ta Zama Sunan Launi Kawai



Bara waccan, a wani zaman karatu na ƙungiyarmu ta marubuta, wata 'yar uwa ta karanta mana babin farko na littafinta. Labarin ya yi daɗi. A ciki saurayi ya shiga lambun gidan su budurwa, ya tsinko fure ya miƙa mata. Da ta gama muka tafa. Sai wani dattijo, tsohon malamin firamare da ke leƙo zamanmu jefi-jefi, ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, wane fure ne ya tsinko?" Ta ce, "Fure dai, Baba." Ya juyo gare mu ya ce to kowa ya kawo sunan fure ɗaya da ke fitowa da kansa a ƙasar nan, ban da na bakin titi da ake sayarwa cikin baƙar leda. Ɗaki ya yi tsit. Wani ya ce furen tumfafiya, wata ta ce na bado, daga nan muka ƙare. Malam ya ce, "Rawaya fa?" Muka haɗa baki muka ce ai rawaya launi ne. Ya girgiza kai ya ce, "Kafin ta zama launi, tsiro ce."

Daga wannan rana muka shiga neman rawaya, har muka kai ga shuka ta a gida. Ra'ayinmu a wannan mako daga can ya samo asali. Muna ganin lokaci ya yi da za mu ba furannin dajinmu wuri a tsakar gidajenmu, musamman waɗanda ba sa neman ban ruwa da rani, mu fara da rawaya. Kuma muna ganin mu masu rubutu ne ya fi cancanta mu soma, don mu ne muke cin abinci da kalmomin da waɗannan tsirrai suka ba harshenmu.

Bari mu fara da bayanin ita kanta, tunda da yawanmu ba mu taɓa ganinta ba. Rawaya ƙaramar tsiro ce da ke shekara da shekaru a wuri guda. Ƙarfinta duk yana ƙarƙashin ƙasa, cikin wata kakkaurar saiwa mai tauri wadda in aka sare ta za a ga cikinta launin da muke kira rawaya. Da damina takan fitar da rassa da ba su cika kai ƙugun mutum ba, masu ganye a rarrabe kamar yatsun hannu, uku zuwa biyar. Idan ruwa ya ɗauke, rassan su bushe, wuri ya koma fili kamar ba a taɓa yin komai a nan ba. Sai can cikin rani, galibi bayan wutar daji ta wuce, furanni su ɓullo kai tsaye daga kan saiwar, dab da ƙasa, babu ganye ko ɗaya. Kowane fure da kunnuwa biyar masu sheƙi, da siraran zare masu yawa a tsakiya. Bayan kamar wata guda sai furen ya zama kwanso, ya bushe ya tsage, a ga 'ya'ya lulluɓe da farin gashi kamar audugar rimi.

Masana tsirrai suna kiranta Cochlospermum tinctorium. Wasu Faransawa da suka yi nazarin tsirran Senegal ne suka rubuta ta da wannan suna a 1831. Kalmar farko daga Girkanci take, tana nufin iri mai siffar katantanwa, saboda yadda ƙwayar ta lanƙwashe. Ta biyu daga Latin, tana nufin abin rini. Ana samunta tun daga Senegal, ta ratso ƙasashenmu, har gabas wajen Sudan da Uganda. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa da ya fito a 1916, haka kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta. A wasu wurare ana ce mata balagande, wasu su ce zunzuna. Baƙo ya zo ya tambayi kakanninmu ya rubuta, mu jikokin muna zaune muna musun cewa akwai ta.

Gani ya kori ji. Cikin watan Fabrairu na wannan shekarar, mu huɗu muka bi Malam zuwa ƙauyensu a ƙasar Zazzau. Ya ce lokacin da yake yaro, a bayan gari ake ganinta. Mu kuwa sai da muka wuce gonaki muka yi tafiya mai nisa, har gindin wani tsauni inda garma ba ta iya shiga. Wuta ta ci wurin ba da daɗewa ba, ko'ina baƙi ƙirin da toka. A cikin wannan baƙin muka hango su, ɗaya nan, uku can, kamar an watsa ƙananan fitilu a ƙasa. Ƙudan zuma na ta shawagi a kansu, don a wannan lokacin fure ya yi ƙaranci a daji. Babu wanda ya ba su ruwa tun watan Oktoba.

Me ya kore ta daga bayan gari zuwa gindin tsauni? Abubuwa ne da duk mun sani. Gonaki sun faɗaɗa, an daina barin saura ta huta, garmar shanu da tarakta suna tumɓuke saiwa, maganin kashe ciyawa yana ƙarasa abin da ya rage. A gefen manyan garuruwa kuma daji ya zama fuloti. Sannan amfaninta ma ya zame mata jidali, domin duk abin da ake so a jikinta a saiwa yake. Da ita ake rina zare da tufa da tabarma, in an haɗa da baba a sami kore. Ana sa garinta cikin man kaɗe ya ba shi launi. Masu maganin gargajiya suna ba da ita don shawara da ciwon hanta, shi ya sa har gobe za a same ta a busashe a rumfunansu. Wanda ya tsinki ganyen zogale ya bar bishiya a tsaye. Wanda ya tono rawaya kuwa ya ɗauke ta ɗungurungum, kuma ba al'adarmu ba ce mu noma ta, daga daji kawai ake ɗebowa. Ba mu ce ta ƙare a duniya ba, akwai dazuzzukan da take da yawa. Amma a kewayen garuruwan da yawancinmu muke zaune ta yi wuyar gani, har tsara guda ta tashi ba ta san ta ba. A nan ya kamata mu ƙara da cewa ba maganar magani muke yi ba. Wanda idonsa ya yi rawaya ya nufi asibiti.

Yanzu mu dubi tsakar gidajenmu. Damina a yawancin ƙasar Hausa wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani ne. A unguwanni da dama famfo sai dai ado, ruwa sai an tare ɗan garuwa da kurarsa an sayi jarka mai lita 25. A irin wannan hali mai sha'awar fure yakan bi ɗaya daga hanya biyu. Ko dai ya sayo furannin bakin titi, waɗanda yawancinsu daga ƙasashe masu laima aka kawo irinsu, ya yi ta ɗura musu ruwan saye safe da yamma, ranar da ya yi tafiyar mako guda ya dawo ya tarar da kara. Ko kuma ya haƙura, ya malale gidan da siminti, a sha zafi da bazara. Mun ɗauka cewa fure kayan masu rijiyar burtsatse ne da gadina. Alhali akwai tsirran da suka yi dubban shekaru suna koyon zama da raninmu. Rawaya tana tara abinci da ruwa a saiwarta da damina, ta zubar da ganye don kada rana ta tsotse ta, ta yi fure a lokacin da komai ya bushe. Abin da mai ƙaramin ƙarfi yake nema ke nan.

Sai dai shuka ta ba ta zo mana da sauƙi ba, kuma gara mu faɗi kurakuranmu don kada wani ya maimaita. Kuskure na farko mun yi shi tun a gindin tsaunin nan. Ɗoki ya ɗebe mu muka ari fartanya muka tono guda biyu, Malam yana cewa ku bari, muna cewa ai raya su za mu yi. Saiwar ta yi zurfi fiye da zatonmu, muka datse ta a rabi. Muka kawo gida muka sa a bokitin fenti da baƙar ƙasar lambu, muka riƙa ba su ruwa kullum saboda tausayi. Kafin mako uku sun ruɓe. Tsiron da ya shekara nawa a kan dutse, mu muka kashe shi da kirki. Har yau in mun tuna sai mu ji kunya.

Kuskure na biyu ya fi sauƙi. Wani ƙanen Malam ya aiko mana da busassun kwanso a ƙarshen rani. Da ruwa ya sauka muka cire gashin muka binne ƙwayoyin kamar yadda ake shuka kuɓewa. Muka jira, shiru. Ashe bawon ƙwayar yana da taurin da ruwa ba ya ratsa shi da wuri. A daji zafin rana da wuta da gogayyar ƙasa ne ke raunana shi sannu a hankali. Da muka gane haka, sai muka ɗauki ragowar irin, muka goga bayan kowace ƙwaya a jikin siminti mai kaushi har bawon ya ɗan kankaru, muka jiƙa su kwana ɗaya. Waɗanda suka kumbura muka shuka. Ba duka suka fito ba, amma mun sami 'yan tsirarun da suka ishe mu rabawa gida uku.

Ga abin da muka koya, a taƙaice, ga mai son gwadawa. A nemi iri a ƙarshen rani, lokacin da kwanso ya bushe ya fara tsagewa, kuma a ɗebi kaɗan a bar wa daji rabonsa. A ajiye shi cikin takarda a wuri busasshe, ban da leda. A zaɓi inda rana ke duka sosai, inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da makwarara da bakin rariya. Idan ƙasar gidan laka ce, a yi ɗan tudu a gauraya da yashi da tsakuwa, taki kaɗan ya isa, shi ma wanda ya daɗe. Shuka a ƙasa ta fi, saboda saiwar tana son zurfi. Wanda ke gidan haya ya nemi rabin duro ya huhhuda gindinsa. A shuka bayan damina ta zauna, a bar ruwan sama ya yi aikinsa, sai in an yi fari mai tsawo a ɗan taimaka. A kewaye da ƙaya ko waya saboda awaki da kaji. Abu mafi muhimmanci kuma, idan kaka ta wuce ganye ya bushe, a janye hannu. A kafa ɗan dutse ko turke don a san wurin, kada mai shara ko mai gini ya bi ta kai. A yanke busassun rassan rana ta sami ƙasa. Kada wani ya ce tunda a daji bayan wuta take fure bari ya cinna wuta a tsakar gida.

A rani na farko ɗaya daga cikinmu ya yanke ƙauna ya kife duronsa, sai ga ƙananan saiwoyi lafiya lau a ciki, ya mayar da sauri. Da ruwan bara ya sauka, namu duka suka sake tohowa, rassan sun fi na farko kauri. Damina biyu ke nan, ba su yi fure ba tukuna, saiwa ce take ginuwa. Ruwan da muka saya dominsu a tsawon wannan lokaci bai taka kara ya karya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Na farko zai ce ana fama da tsadar masara ku kuna zancen fure. Gaskiya ne, kuma da rawaya za ta ƙwace wurin zogale ko ruwan girki da mu ma ba mu kawo maganarta ba. Amma wurin da take so shi ne wanda alayyafo ba ya so, busasshen lungu mai tsakuwa da rana. Kuma talaka bai taɓa rabuwa da son kyau ba. Kakanninmu da suka yi zanen bango da dagi, suka yi jeren kwalla da tasa, ba don ƙoshi ya yi musu yawa suka yi ba.

Na biyu zai ce abin daji ne, wanda ya halicce shi shi ke raya shi, tukunya uku a birni ba za su ceci komai ba. Rabin wannan magana daidai ne. Abin da zai tsare rawaya da gaske shi ne a bar mata daji, a rage tonon ganganci, masu sayar da saiwar su fara noma ta. Lambun tsakar gida ba zai maye gurbin wannan ba. Amma wa zai tashi ya kare abin da bai taɓa gani ba? Yaron da ya tashi yana ganin rawaya a gidansu, ranar da ya zama malamin gona ko kansila ko mai unguwa ya san abin da katafila take shirin turewa. Sannan duk wanda ya gano yadda ake tsirar da irinta a gida ya sauƙaƙa wa manomin da zai so ya gwada ta a gefen gonarsa.

Na uku shi ne ya fi damunmu, don mu ma mun faɗa cikinsa. Idan abin ya zama yayi, kowa ya ɗauki fartanya ya nufi daji, to garin neman gira za a rasa ido. Saboda haka muke roƙo da babbar murya, iri za a nema, kada a tono saiwa. Wuri ɗaya kawai muka ga ya halatta a tono, inda an riga an yanka fili za a yi gini ko hanya, tsiron mutuwa zai yi ko an bar shi. Nan ma da izinin mai wurin, a haƙa da zurfi, a dasa a busasshiyar ƙasa, a rage ruwa.

Na huɗu zai ce wane irin ado ne wannan, rabin shekara fili fetal? Wannan ba mu da ta cewa, haka take. Mai son kore kullum ya haɗa ta da wasu 'yan ƙasa irinta. Kariya tana tara ruwa a kututturenta, ta yi fure ja-ja da rani, sai dai ƙaronta guba ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Albasar kwaɗi tana kwana a ƙasa duk rani ta fito da furanni in ruwa ya sauka, ita ma ba ta ci ba ce. Lambun da aka tsara haka yana tafiya da shekara, kowane lokaci da mai fitowa.

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Mu duba yadda Bahaushe yake kiran launi. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, makuba, shuni. Kusan kowanne an jingina shi da wani abu da ido ya sani, hannu ya taɓa. Rawaya ma haka take, daga saiwar nan aka samo sunan. Yau ƙannenmu yalo suke cewa, rawaya ta koma kalmar jarrabawa. Idan abin da ya haifi kalma ya ɓace daga idon mutane, kalmar takan yi sauƙin faɗuwa, don ba ta da abin riƙewa. Mu da muke kukan cewa Hausa tana cika da aro, ba mu lura cewa wani ɓangare na asarar a bayan gari take faruwa ba.

Sannan akwai maganar ingancin rubutu. Da yawanmu furen da ke cikin labaranmu daga finafinan Indiya muka tsinko shi. Babu laifi jarumi ya ba da wardi, akwai gidajen da ake shuka shi, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya yi mafarki. Amma idan duk lambun da ke cikin littattafanmu iri ɗaya ne, ciyawa kore shar a watan Maris ba a san mai ɗebo ruwan ba, to mai karatu a Gumel ko Maraɗi ba zai taɓa ganin ƙasarsa a shafi ba. A gwada rubuta yarinyar da aka aika itace da sanyin safiya, ta bi ta ƙonannen daji ƙafarta duk toka, ta ci karo da furen rawaya. Wanda ya san lokacin fitowarsa, ya san ba shi da ganye, ya san sai an sunkuya ake tsinkarsa, shi zai rubuta wannan wuri yadda tsohuwa a ƙauye za ta ji an karanta ta ce tabbas wannan ya je. Irin wannan sani ba a samunsa a ƙamus kaɗai. Mu mun karanta bayaninta kafin mu je, amma sai da muka kashe biyu muka raya wasu sannan muka san halinta.

Abin da muke nema a wurin 'yan uwa ba shi da yawa. Duk wanda zai je gida a wannan rani, ya zauna da Inna ko Kaka ko wani tsohon mafarauci, ya tambaye su sunayen furannin da suka sani da lokacin fitowarsu da amfaninsu, ya rubuta yadda suka faɗa da karin harshensu. Idan akwai rawaya a yankin, ya sa a nuna masa, ya bar ta inda take, ya dawo in kwanso ya bushe ya ɗebi kaɗan. Idan babu ita, akwai wata da garinku ya sani mu ba mu sani ba, a fara da ita. Wanda nasa ya tsiro ya raba wa maƙwabci, ya kai wa makarantar firamaren unguwa.

Malam yakan tambaye mu duk sanda muka haɗu ko 'ya'yansa sun yi fure. Mukan ce tukuna, Baba. Ya ce a bar su, kada a dame su da ruwa. Mun yi masa alkawarin ranar da na farko ya buɗe, a tsakar gidan za a yi zaman karatu na wannan wata, kuma 'yar uwarmu mai littafi ta ce ta riga ta koma babin farko ta ba furen suna.

Allah ya sa mu ga wannan rana. Sai mun ji daga gare ku.